Yadda Ake Buɗe Saƙon Imel na Turanci da Yadda Ake Rufe Shi

Gabatarwa

Mai hidima a ikilisiyar Hausa yana wa'azi da Hausa, yana ziyarar marasa lafiya da Hausa, yana sulhunta ma'aurata da Hausa. Amma ranar da zai rubuta wa ofis, yawanci Turanci ake nema daga gare shi. Mu ɗauki faston da aka tura Mabera, a cikin birnin Sakkwato. Unguwa ce babba da ta tara mutane daga sassa dabam-dabam na ƙasar nan. A cikin wata guda yana iya rubuta wa sakataren gunduma, da wata ma'aikatar gwamnati, da makarantar tauhidi inda yake neman ƙarin karatu, da wani ɗan ikilisiya da aiki ya kai Legas. Da yawa daga waɗannan saƙonni ta imel za su tafi.

Wanda zai karanta saƙon ba ya ganin fuskarmu, ba ya jin muryarmu. Layin farko da layin ƙarshe su ne ke gaya masa ko mun san wane ne shi, da kuma ko ya kamata ya ɗauki maganarmu da nauyi. Idan mabuɗin saƙo ya karkace, ana iya ajiye buƙatar ikilisiya gefe guda ba tare da an karanta ta ba. Saboda haka wannan darasi ya shafi sunan ikilisiyar da muke wakilta, da amanar da jama'a suka ɗora mana.

Kowace al'umma da tsarin wasiƙarta

Tsara gaisuwar wasiƙa daɗaɗɗen abu ne. A zamanin Manzo Bulus, mai rubutu yakan fara da sunansa, sannan sunan wanda ya rubuta wa, sannan gaisuwa. Haka wasiƙar hafsan soja Kalaudiyas Lisiyas zuwa ga gwamna Filikus ta fara (Ayyukan Manzanni 23:26), haka kuma wasiƙar da taron Urushalima ya aika wa 'yan'uwa na Antakiya (Ayyukan Manzanni 15:23). Bulus bai watsar da wannan tsari ba. Ya karɓe shi kamar yadda ya same shi, ya cika gurbin gaisuwar da addu'ar alheri da salama.

Mu lura kuma da yadda yake auna mai karɓa. Ga Romawa, ikilisiyar da bai taɓa ziyarta ba, ya ɗauki ayoyi da yawa yana bayyana kansa da kiransa. Ga Filimon, abokinsa, bai kira kansa manzo ba, ya kira kansa ɗaurarre, domin roƙo zai yi saboda Unisimas. Ga Galatiyawa kuwa, da yake maganar ta gaggawa ce, ya tsallake godiyar da ya saba yi, ya shiga zancen kai tsaye. Mutum ɗaya ne, bishara ɗaya ce, amma mabuɗin wasiƙa yana sauyawa bisa ga wanda ake rubuta wa da abin da ake so a faɗa.

Ita ma Sakkwato tana da tsohuwar al'adar wasiƙa. A zamanin daular, ofishin Waziri ne ke kula da wasiƙun da ke kai da komo tsakanin Sarkin Musulmi da sarakuna, da Larabci, da hatimi a kansu. A shekarar 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen nan Hugh Clapperton wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila George na Huɗu. Wasiƙar Hausa da muka koya a firamare ita ma tana da nata tsari: gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tambayar lafiyar iyali, sai a ce "bayan haka", sannan a faɗi dalilin rubutu.

A nan bambancin yake. Bahaushe yana nuna girmamawa da tsawon gaisuwa. Wanda ya shiga zaure ya faɗi buƙatarsa kafin ya tambayi kwana da gajiya da iyali, za a ce ba shi da tarbiyya. A imel na Turanci kuwa, musamman na aiki, ana nuna girmamawa ta hanyoyi uku: a kira mutum da sunansa da muƙaminsa daidai, a faɗi dalilin rubutu da wuri, a rufe da kalmar da ta dace da mabuɗin. Wanda ya fassara gaisuwar zaure kalma da kalma zuwa Turanci, niyyarsa ladabi ce, amma mai karatu yana iya ganin ɓata lokaci ne.

Tambayoyi biyu kafin a fara

Kafin mu taɓa waya ko kwamfuta, mu tambayi kanmu: mene ne tsakanina da wannan mutum? Kuma da sunan wa nake magana, da sunana ko da sunan ikilisiya? Amsar ita ce za ta nuna mana ko saƙon na hukuma ne, ko na abokan aiki, ko na zumunci. Mutum ɗaya yana iya karɓar iri biyu daga gare mu. Idan abokin karatunmu ya zama sakataren gunduma, saƙon barka da haihuwa na zumunci ne, amma rahoton kuɗin ikilisiya na hukuma ne, domin za a ajiye shi a fayil, wasu kuma za su karanta shi bayan mu.

Buɗe saƙon hukuma

Kalmar da ake fara saƙon hukuma da ita ita ce "Dear". A nan ba ta nufin ƙauna ko kusanci, al'adar rubutu ce kawai, ana yi wa wanda ba a taɓa gani ba.

Idan mun san sunan mutum, sai mu sa muƙami da sunan iyali. Turawa suna sa sunan yanka a farko, sunan iyali a ƙarshe. Da za mu rubuta wa Rowland Bingham, ɗaya daga cikin mutum uku da suka fara aikin SIM a 1893, "Dear Mr Bingham" za mu ce. "Dear Mr Rowland" kuskure ne a kunnen Bature, ko da yake a Hausa daidai ne mu ce Malam wane da sunan yanka. Haka Likita Walter Miller na Wusasa zai zama "Dear Dr Miller", Dokta Byang Kato kuma "Dear Dr Kato". Sunayenmu na Arewa suna buƙatar lura, domin suna na biyu wani lokaci na uba ne, wani lokaci na gari, kamar Shagari. Hanya mafi sauƙi ita ce mu duba yadda mutum yake sa hannu a takardunsa, mu bi wannan. Idan har yanzu akwai shakka, a rubuta "Dear" da cikakken sunan.

Ga mace, "Mrs" ta matar aure ce, "Miss" ta wadda ba ta yi aure ba, "Ms" kuwa ta kowace mace ce ba tare da duban aure ba. Idan ba mu sani ba, "Ms" ta fi aminci. Idan tana da digirin dokta ko farfesa ce, wannan muƙami shi ne gaba, kamar yadda ake yi wa namiji.

Idan ba mu san suna ba, sai mu ce "Dear Sir or Madam". Kada mu ɗauka cewa duk mai riƙe da ofis namiji ne, domin magatakardar makaranta ko manajan banki na iya zama mace. Ana kuma iya kiran muƙamin, kamar "Dear Registrar" ko "Dear Admissions Officer". Amma idan ana iya samun sunan da ɗan bincike, a nema. Ita kuwa "To whom it may concern" ta takardar shaida ce, wadda ba a san hannun da za ta shiga ba, kamar wadda muke ba ɗan ikilisiya mai ƙaura, irin shaidar da Bulus ya yi wa Fibi a Romawa 16:1-2.

Manyan muƙamai suna da nasu kira. Ana ce wa gwamna "Your Excellency", sarkin yanka "Your Royal Highness". Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda ya hau gado a 2006, ana ce masa "Your Eminence". A ɗarikar Angilikan ana rubuta "The Right Reverend" gaban sunan bishop, "The Most Reverend" gaban na babban bishop, "The Venerable" gaban na acidikin. A ɗarikar Katolika a Nijeriya ana sa "Most Reverend" gaban sunan bishop. Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda ke jagorantar Katolika a Sakkwato tun 2011, ana iya buɗe masa saƙo da "Your Lordship" ko "Dear Bishop Kukah". Ko da ɗarikarmu ba ta da irin waɗannan muƙamai, mu kira mutum da abin da jama'arsa suke kiransa. Luka ma ya ba Tiyofalas lakabinsa na girma a farkon bishararsa. Mu kuma tuna cewa wasiƙa zuwa fada ko gidan gwamnati ta fi kyau a kan takarda mai kan ikilisiya, da sa hannu, imel ɗin ya zama ɗan rakiya.

Jumla ta farko

Bayan gaisuwa sai waƙafi, sai a bar layi guda, sai a faɗi wane ne mu da dalilin rubutu. A ce ruwa yana kwanciya a harabar wata majami'a a Mabera kowace damina, dattawa suka ce fasto ya nemi ganawa da ofishin da abin ya shafa. A gurbin kan magana zai rubuta: "Request for a meeting on drainage in Mabera". Sannan ya fara:

Dear Sir or Madam,

I am the pastor of a church in Mabera, Sokoto. I am writing to request a meeting about the flood water that enters our premises every rainy season.

Jumla biyu ke nan, mai karatu ya riga ya san mai magana, da wurin, da buƙatar. Idan akwai sanayya kaɗan, ana iya sa gaisuwa guda kafin wannan, kamar "I hope you are well", wato ina fata kana lafiya. Idan amsa muke mayarwa, "Thank you for your email" ta isa. Gara a bar "Good morning" ga saƙon da ke fita ƙasar waje, domin ba mu san lokacin da za a buɗe shi ba. Agogon Nijeriya yana gaban na New York da awa 5 ko 6, bisa ga lokacin shekara.

Gaisuwar bangaskiya da inda ta dace

Tsakanin ikilisiyoyinmu mun saba da "Calvary greetings" da "Greetings in the name of our Lord Jesus Christ". Ga wasiƙar da ke tafiya tsakanin fasto da gunduma, ko zuwa hedkwatar ɗarika, ko zuwa Zumuntar Mata, wannan daidai ne, kowa ya san shi. Layi guda ya isa, sai a shiga magana.

Akwai wurare biyu da ya kamata mu yi hankali. Na farko, ofishin gwamnati, banki, asibiti, da maƙwabtanmu Musulmi. A gari irin Sakkwato, mai karɓar takardar a ofis sau da yawa Musulmi ne, aikinsa kuma na jama'a duka ne. Gaisuwar aiki ta yau da kullum ita ce ta dace da shi. Wannan ba ɓoye bangaskiya ba ne, tun da sunan ikilisiya da muƙaminmu suna nan a ƙasan saƙon. Shaidarmu a irin wannan wasiƙa tana cikin faɗin gaskiya da ladabi da cika alkawari.

Na biyu, baƙi na ƙasar waje da ba su san mu ba. Shekaru da yawa 'yan damfara suna aika saƙonni da sunan addini, suna buɗewa da kalmomi irin su "Dearly beloved in Christ", suna kawo labarin gado ko na wata gwauruwa mai son ba da dukiya. Wannan zamba ce ake kira 419, daga lambar sashen dokar manyan laifuka da ya yi magana a kanta. Sakamakon haka, mutane da yawa a Turai da Amurka, har da Kirista, suna share saƙon da ya fara da irin wannan gaisuwa kafin su kai layi na biyu, manhajar imel kuma tana iya jefa shi cikin akwatin tarkace. Abin baƙin ciki ne, amma haka yake. Ɗalibin da ke neman gurbin karatu ko tallafi ya buɗe da sunan mai karɓa, ya faɗi sunan makarantarsa da ɗarikarsa, ya ambaci wanda ya haɗa su idan akwai. Ya guji manyan baƙaƙe daga farko har ƙarshe, da kalmar "urgent", da roƙon kuɗi a saƙon farko.

Rufe saƙon hukuma

Rufewa kashi uku ce: jumlar ƙarshe, kalmar sallama, da sa hannu.

Jumlar ƙarshe ta faɗi abin da muke jira. "I look forward to hearing from you" na nufin ina sauraron amsarka. Idan akwai wa'adi, a faɗe shi: "I would be grateful for a reply by 30 May". A rubuta sunan watan da baƙaƙe, domin 05/06 a wurinmu 5 ga Yuni ne, a wurin Ba'amurke kuwa 6 ga Mayu. Idan ba a jiran komai, "Thank you for your time" ta wadatar.

Kalmar sallama tana bin mabuɗi. A Turancin Ingila, wanda makarantunmu suka gada, ƙa'idar ita ce: idan an buɗe da "Dear Sir" ko "Dear Madam", a rufe da "Yours faithfully". Idan an buɗe da suna, a rufe da "Yours sincerely". Amurkawa sukan ce "Sincerely" kawai. Kalmar farko ce kaɗai ke ɗaukar babban baƙi, sai waƙafi a ƙarshe, kuma "Yours" ba ta da ɗigon sama tsakanin r da s. Tsofaffin kalmomi irin su "Your obedient servant", da aka saba gani a takardun zamanin Turawan mulki, an daina amfani da su a imel. Ga 'yan'uwa cikin bangaskiya ana iya cewa "Yours in Christ" ko "Yours in His service".

Sa hannu ya ƙunshi cikakken suna, muƙami, sunan ikilisiya da gari, da lambar waya. Idan saƙon na ƙasar waje ne, lambar ta fara da +234, a cire sifilin farko. Ba sai mun jera duk digirorinmu ba. Mu tuna cewa Bulus, ko da wani ne ya rubuta masa, kamar Tartiyas a Romawa 16:22, yakan sa gaisuwar ƙarshe da hannunsa, kuma ya gaya wa Tasalonikawa cewa wannan ita ce alamar wasiƙarsa ta gaskiya (2 Tasalonikawa 3:17), domin akwai haɗarin wasiƙun jabu da sunansa. Namu sa hannun yana da aiki irin wannan: ya ba mai karatu hanyar tabbatar da mu. Adireshin imel ɗin ma ya ɗauki sunanmu na gaskiya ko na ikilisiya. Adireshi mai sunan wasa yana rage nauyin saƙo tun ba a buɗe shi ba.

Saƙon abokan aiki da na zumunci

Ga abokin hidima da muka saba da shi, ana buɗewa da "Dear Pastor" da sunan da ake kiransa da shi, ko "Dear Brother", ko "Dear Sister". Ga jama'a, "Dear all" ko "Dear colleagues". Ana rufewa da "Kind regards", "Best regards" ko "With thanks". Ga aboki na kusa, "Hello" ko "Hi" da sunan yanka daidai ne, a rufe da "Best wishes", "Blessings" ko "Take care", sai sunan yanka kaɗai. A nan akwai sararin tambayar iyali da ikilisiya. Idan kuma mai karɓa yana jin Hausa, babu laifi a gaishe shi da Hausa sannan a ci gaba da Turanci. Ita "Hey" ta samari ce, ba ta dace da malami ko dattijo ba. Gajerce-gajercen WhatsApp, irin su "gud pm" da "pls", su tsaya a can.

Turawan yau sukan sauka zuwa sunan yanka da wuri. Idan malamin wata makaranta ya amsa mana ya sa hannu da sunan yankansa kaɗai, alama ce cewa muna iya kiransa da shi. Mu bari babba ya fara saukowa. Idan kuma bakinmu ya yi nauyi, ci gaba da muƙaminsa ba laifi ba ne. Yawan ladabi a saƙon farko ba ya ɓata komai, raini kuwa yana da wuyar gyara. Idan saƙonni suka yi ta kai da komo a rana ɗaya a kan magana guda, ba sai an maimaita cikakkiyar gaisuwa kowane lokaci ba.

Akwai gargaɗi na musamman ga mai hidima. Kalmomi irin su "My dear", "Dearest", "Love" da "Yours ever" na iyali ne da masoya. Fasto ya guje su idan yana rubuta wa matar wani, ko budurwa, ko matashi a ikilisiya, ko da zuciyarsa tsarkakakkiya ce. Magana zarar bunu ce, rubutu kuwa ya fi ta, domin ana ajiye shi, ana tura shi gaba, ana nuna shi a gaban dattawa. Bulus ya umarci Timoti ya ɗauki tsofaffin mata kamar uwaye, 'yan mata kuma kamar 'yan'uwa, da dukan tsarki (1 Timoti 5:2). Mabuɗin saƙonmu da rufewarsa su zama irin waɗanda ba za mu ji kunya ba ko mijin matar ne ya karanta.

Kafin a danna aikawa

Mu duba abu biyar: an cika gurbin kan magana? An rubuta sunan mai karɓa da muƙaminsa daidai, baƙi da baƙi? Jumla ta farko ko ta biyu ta faɗi dalilin rubutu? Kalmar sallama ta dace da mabuɗin? Sa hannu ya nuna wane ne mu da inda za a same mu? Idan saƙon mai nauyi ne, sakataren ikilisiya ko wani dattijo mai jin Turanci ya karanta kafin ya tafi.

Tambayoyi da aikin yi

1. Karanta Filimon 1-7 da Galatiyawa 1:1-9. Wane bambanci ka gani a yadda Bulus ya buɗe su, kuma me ya jawo shi?

2. Rubuta mabuɗi da rufewar imel na Turanci zuwa ga waɗannan: magatakardar makarantar tauhidi da ba ka san sunansa ba, shugaban gundumarku, mai unguwarku Musulmi da kake gayyata taron zaman lafiya, abokin karatunka.

3. A wane hali ne gaisuwar bangaskiya take ƙarfafa saƙo, a wane hali ne take iya hana a karanta shi? Ku tattauna a aji.

4. Ɗauko imel uku na ƙarshe da ka aika da sunan ikilisiya. Auna su da abubuwa biyar da aka lissafa a sama, ka sake rubuta wanda ya gaza.